Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Injiniya da Mafarkin MBA

Ranar da na fara tunanin karatun kasuwanci, tsaye nake a ofishin manajan wata masana'antar robobi a Sharaɗa, hannuna duk baƙin mai. Ina cikin wata na bakwai na shekarar IT ɗin da muke yi bayan ND. Kwana huɗu ke nan ina jin famfon da ke tura ruwan sanyaya injina yana wani irin gurnani, in ka ɗora hannu a jikinsa kuma zafi rau. Na gaya wa ogana na sashen lantarki, ya ce: "Boris ne. Na faɗa har na gaji. In kana da ƙarfin hali je ka faɗa da kanka." Yarinta ta ɗebe ni, na tafi.

Manaja bai kore ni ba. Ya saurare ni tsaf har na gama, sannan ya jefo mini tambaya uku: nawa ne kuɗin gyaran, awa nawa za a tsayar da aiki, kuma in an bar shi haka nawa kamfani zai yi asara? Na san lambar boris ɗin da ka. Na san amfiya nawa injin yake ja da kuma nawa ya kamata ya ja. Amma tambayoyin nan uku ko ɗaya ban iya amsawa ba. Na ce, "Yallaɓai, ai dai zai ƙone." Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, je ka ka dawo mini da lissafi."

Ban koma ba, kunya ta hana ni. Bayan kwana tara koyil ya ƙone. Aiki ya tsaya kwana biyu da wuni, leburorin da ake biya kullum-kullum suka koma gida hannu rabbana. Ɗaya daga cikinsu dattijo ne da muke cin abinci kwano ɗaya da shi.

Na daɗe ina ɗora wa manajan nan laifi. Sai daga baya na yarda cewa ni ma ina da nawa kason. Gaskiya ce a bakina, amma na kai ta da yaren da mai sa hannu a takardar kuɗi ba ya ji. Da na je da rabin shafi mai nuna kuɗin boris a gefe guda, asarar kwana biyu a ɗaya gefen, wallahi da a ranar zai sa hannu.

To, tun daga lokacin nake da niyyar yin MBA, wato digiri na biyu a harkar tafiyar da kasuwanci. Kuma na lura ba ni kaɗai ba ne. A hostal ɗinmu, da an ɗauke wuta an fito waje shan iska, cikin 'yan HND II sai ka ji wani ya ce, "Ni fa da na gama bautar ƙasa MBA zan wuce, na gaji da sufana." Wani ya ce shi so yake ya binne HND ɗin nan da babbar takarda, kowa ya huta da gori. Ra'ayina, wanda na san wasu abokaina ba za su ji daɗinsa ba, shi ne: shirin MBA daga yau ya kamata mu fara shi, tun muna cikin harabar nan, amma shiga ajin kansa mu jinkirta shi sai mun yi aƙalla shekara uku muna aiki. Yawancinmu kuwa mun juya abin: ba shiri, sai gaggawar shiga.

Me ya sa ba yanzu ba?

MBA ba kamar lakcar da muka saba ba ce, inda Malam zai cika allo mu kwafa, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. A manyan makarantun kasuwanci, irin su ta Harvard a Amurka da Makarantar Kasuwanci ta Legas da aka kafa a 1991, ginshiƙin koyarwar shi ne a miƙa maka labarin wani kamfani na gaske da ya shiga tsaka mai wuya, a ce kai ne manaja, me za ka yi? Sai aji ya kaure da muhawara. Wanda ya taɓa korar ma'aikaci, da wadda ta taɓa bin bashin kwastoma wata shida, da wanda kaya suka taɓa maƙale masa a tashar jirgin ruwa, kowa da abin da zai kawo. Kai da ka fito daga sansanin bautar ƙasa jiya, me za ka ce? Za ka biya kuɗi mai yawa ka zauna kana kallon bakin mutane. Shi ya sa a manyan makarantun duniya galibin masu shiga sun yi wajen shekara biyar suna aiki.

Mu duba injiniyoyin da ake yawan ba mu misali da su. Tim Cook, wanda ya karɓi ragamar Apple a 2011, ya gama injiniyancin masana'antu a 1982, bai samu MBA ba sai 1988, kuma yana aiki da IBM ya yi karatun. Wadda labarinta ya fi kama da namu ita ce Mary Barra, da ta zama shugabar General Motors a 2014. Tana da shekara 18 ta fara aiki a masana'antar motocin, tana duba ƙarafan jikin mota, a ƙarƙashin wani tsari na rabi aji rabi masana'anta, kusan irin SIWES ɗinmu. Ta gama injiniyancin lantarki a 1985, ta yi MBA a Stanford a 1990, kuma kamfanin ne ya ɗauki nauyinta. Ka lura da tazarar: shekara shida, shekara biyar. Sai da suka san ciwon da ke damun su sannan suka je neman magani.

Akwai kuma maganar kasuwar aiki. Mai ɗaukar ma'aikata da ya ga yaro da MBA ba tare da ya taɓa riƙe ko da shago ba, ba zai ba shi kujerar manaja ba. In kuma ya nemi aikin ƙaramin injiniya, sai a ce takardarsa ta yi yawa, ba zai zauna ba. Ya zama jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Ina da ɗan uwa da hakan ta faru da shi. An sayar da filin gado aka biya masa, yau shekara biyu yana yawo da fayil, kuma aikin hannun da ya iya ya fara suɓuce masa.

Mararrabar da ke gaban mai HND

Yanzu bari mu zo kan abin da ya shafe mu mu 'yan foli, wanda masu ba da shawara a intanet ba su cika taɓawa ba, don su da masu digiri suke magana. A galibin jami'o'in Najeriya, mai HND ba ya shiga MBA kai tsaye. Sai ya fara yin PGD, wato babbar difloma ta shekara guda. Ka duba sanarwar ɗaukar ɗalibai ta Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero, ko ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, ka karanta sharuɗɗan da idonka, don kowace da nata. Za ka ga ana neman takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, da kuma wani mataki na sakamakon HND.

A nan ne maganar CGPA take shigowa. A ma'aunin hukumar NBTE, daga 3.50 zuwa 4.00 Distinshin ne, daga 3.00 zuwa 3.49 Ofa Kiredit, daga 2.50 zuwa 2.99 Lowa Kiredit, daga 2.00 zuwa 2.49 kuma Fas. Da yawa daga cikin shirye-shiryen PGD ba sa kallon mai Fas, wasu ma sai Ofa Kiredit suke karɓa. Ke nan wanda yake kan 2.46 ko 2.95 a yanzu, zangon nan da muke ciki ne zai yanke masa hukuncin ƙofofin da za su buɗe masa nan da shekara biyar. Duk abin da ke cikin fam ɗin MBA ana iya gyara shi daga baya, ban da wannan lamba. Da an buga ta, an buga ke nan. Don haka kai ɗan ND I da kake cewa "ai Fas ma Fas ne", ka sake tunani.

Sannan ga mararrabar da ni kaina ban san da ita ba sai bana. PGD iri biyu ne a gabanmu, kuma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba. Hukumar COREN, wadda ke yi wa masu aikin injiniya rajista, tana ɗaukar mai ND a matsayin tekinishiyan, mai HND kuma a matsayin tekinolojis. In kana son rajistar cikakken injiniya, mai ikon sa hatimi a kan zane, hanyar da aka sani ita ce ka ƙara PGD a fannin injiniyancinka, a shirin da hukumar ta amince da shi. PGD na gudanarwa kuwa, shi ne yake share maka hanyar MBA, amma ba zai ba ka hatimin COREN ba. Duk wanda ya afka wa ɗaya yana zaton ɗayan ne, ya yi asarar shekara da kuɗi. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: nan da shekara goma, zane nake so in riƙa sa wa hannu, ko kasafin kuɗi? In duka biyun kake so, ba laifi, amma ka san shekara biyu ce da kuɗin makaranta biyu, ka tsara wanne zai fara.

Na san inda ƙaiƙayin yake. Bambancin da ake nuna wa mai HND ba ƙarya ba ne. An daɗe a aikin gwamnati ana tsayar da shi a mataki na 14 yayin da mai digiri ke kaiwa 17. A 2021 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. A 2023 NBTE ta fito da tsarin ƙarin shekara guda don mai HND ya samu digiri ta hanyar wasu jami'o'in waje, hukumar jami'o'i ta NUC ta ce ba da yawunta ba. Duk wannan yana da ciwo. Amma wanda ya shiga MBA don huce haushi kawai, ya zaɓi magani mai tsada ga ciwon da bai tantance ba. In matsalarka mataki ne a aikin gwamnati, ka fara binciken wace takarda ce ma'aikatarka take ƙirgawa, kafin ka kashe ko sisi.

Abin da za a yi kafin a bar harabar nan

Na farko, takardar cikakken sakamako, wadda muke kira tiranskirif. Mu biyu muke buƙata, ta ND da ta HND, kuma da yawanmu a makarantu daban-daban muka yi su. Duk wanda ya taɓa bin wani yayansa neman wannan takarda ya san yadda ake sintiri: yau babu wuta, gobe mai makulli ya tafi ta'aziyya, jibi an ce sakamakon wani kwas na HND I bai iso daga sashe ba. Tun kana da katin ɗalibi a wuyanka, je ka tabbatar kowane kwas yana nan a fayil ɗinka. Ka duba sunanka: in a takardar WAEC Muhammad ne, a ta ND Mohammed, a katin NIN kuma an sa sunan kakanka a gaba, gyara shi yanzu. Zuwa da kai ya fi saƙo, balle saƙon da za ka aiko daga jihar da aka tura ka bautar ƙasa.

Na biyu, masu ba da shaida. Kowace makarantar kasuwanci mai daraja za ta nemi wasiƙa daga mutum biyu ko uku da suka san aikinka. Mu a nan mun saba da neman "babban mutum", a je a samo sa hannun wani mai muƙami da ko sunanka bai riƙe ba. Irin wannan wasiƙa ba ta da nauyi. Wadda ake so ita ce ta wanda zai iya cewa, "Na ba shi aiki kaza, ya yi kaza, ya yi kuskure a kaza, ya gyara." Malamin da ke duba furojek ɗinka da ogan da ka yi IT a ƙarƙashinsa su ne mutanenka. Kada ka ɓace musu shekara biyar, sannan ka bugo waya da "Malam, ka gane ni kuwa?" Gaisuwar Sallah da ɗan saƙon inda ka kwana a aiki sau biyu a shekara sun isa.

Na uku, kuma a wurina shi ne mafi girma: sayi littafi mai bango mai ƙarfi ka fara rubuta aikinka da lambobi. Mu injiniyoyi in an ce mu faɗi abin da muka yi, sai mu ce "na gyara janareta", "na haɗa sola". Masu tantance fam ba wannan suke nema ba, don injiniyoyi sun yi yawa cikin masu neman MBA a ko'ina, kuma kowa ya iya lissafi. So suke su ji me gyaran ya jawo. Lita nawa na dizal aka daina ƙonawa a mako? Mutum nawa ka jagoranta? Wa ya ƙi yarda da shawararka, kuma yaya ka shawo kansa? Ni tun da na dawo HND nake yin wayarin da haɗa inbata a ƙarshen mako, kuma duk aikin da na yi sai na rubuta abin da na ƙiyasta, abin da na kashe, da abin da ya rage. A wata uku na farko littafin ya tona mini asiri: ashe ban taɓa sa kuɗin mota da na yaron da ke taya ni a ƙiyasi ba, ina ta murna ina cin riba alhali uwar kuɗi nake gutsura. Babu lakcar da ta koya mini abin da shafin nan ya koya mini.

Na huɗu, mu daina raina kwas ɗin EED da sauran kwasa-kwasan gudanarwa. Na sani, da yawanmu sai daren jarrabawa muke neman handawut ɗin. Amma a nan ne kaɗai a duk zamanmu ake ambaton jari, da riba, da ranar da kasuwanci zai mayar da abin da aka zuba masa. In ka ji wannan darasi yana sa ka barci, to alheri ne, ka gano da wuri kuma a kyauta cewa wataƙila MBA ba naka ba ne.

Ga masu hangen waje

Wasu cikinmu idonsu na kan Ingila ko Amurka ko Faransa. Ba zan kashe wa kowa gwiwa ba, amma a yi lissafi da ido buɗe. Kuɗin makaranta kaɗai a Harvard ya haura dala 70,000 a shekara, kuma karatun shekara biyu ne. INSEAD ta Faransa wata goma ce, amma ita ma ba ta talaka ba ce. Mun kuma ga abin da ya faru da naira: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Iyalai da yawa da suka tura 'ya'yansu da tsohon lissafi sun ji a jikinsu. Rancen karatu da ake tallatawa a intanet kuma da ruwa yake tafe, wanda ga da yawanmu wannan kaɗai ya rufe maganar.

Saura tallafi. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, amma yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800, da alkawarin dawowa gida. Ga MBA kuma akwai iyakar abin da yake biya, sauran kai za ka cike. Ka ga ko a nan ma aiki ne a gaba. Game da HND, kowace jami'ar waje da yadda take kallon ta, don haka kafin ka biya kuɗin fam ko na jarrabawa, rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibansu ka tambaya, ka ajiye amsar a rubuce.

Jarrabawar da aka fi nema ita ce GMAT, wasu kuma suna karɓar GRE. Sabon tsarin GMAT da aka fara a ƙarshen 2023 awa biyu da kwata ne, tambaya 64, kashi uku, kowane minti 45: lissafi, fahimtar rubutu, da nazarin bayanai. Makin daga 205 ne zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. A nan ne injiniya yake ruɗin kansa. Sai ya ce ai wanda ya ci kalkulas me zai ji tsoro? To lissafin nasu bai wuce na sakandare ba, amma babu kalkuleta a wannan kashi, kuma wajen minti biyu gare ka a kowace tambaya. Inda aka fi kayar da mu kuwa shi ne karanta dogon rubutu na Turanci a gano inda hujjar marubuci ta yi rauni. Wannan ba a koyon sa a wata guda. Fara karanta shafin kasuwanci na jarida kullum, kana tambayar kanka: me mutumin nan yake so in yarda da shi, kuma da wace hujja? Jarrabawar Turanci irin su IELTS kuma shekara biyu kawai take aiki, kada ka yi gaggawar yin ta.

Abin da za a ce mini

Na farko za a ce, "Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955 wace makarantar kasuwanci ya je? 'Yan Kantin Kwari da Singa fa?" Wannan gaskiya ce, kuma ina girmama ta. In burinka ka buɗe shagon sola ko wurin naɗin koyil, ba ka buƙatar MBA. Shekara biyu a gaban wani Alhaji a kasuwa da iya riƙe littafin shige da fice za su fi yi maka amfani. MBA na wanda zai tafiyar da dukiyar da ba tasa ba ne, ya tsaya gaban masu hannun jari ko banki ya kare lissafi, ya jagoranci mutanen da bai san iyayensu ba. Ba kowa ne yake son wannan rayuwa ba, kuma ba aibi ba ne.

Na biyu za a ce, "Kana ta cewa a yi aiki, ina aikin yake?" Wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi, don ni ma ban da kowa a sama. Abin da zan ce shi ne, gogewa ba sai a kamfanin mai ba. Shekarar bautar ƙasa aiki ce in ka nemi a tura ka inda ake taɓa ƙarfe. Sana'ar kanka ma aiki ce, in ka yi wa sunanta rajista a CAC, ka buɗe mata asusun banki daban da naka, kana ba da rasit. Wanda ya haɗa sola a gida arba'in, ya riƙe yara uku yana biyan su, yana da labarin da ya fi na wanda ya yi shekara uku yana ɗumama kujera a ofis.

Na uku daga wata 'yar ajinmu na ji shi, kuma ya tsaya mini a rai. Ta ce, "Kai namiji ne, kana iya jira. Ni in ban yi yanzu ba, aure da goyo za su zo, shi ke nan." Ban da bakin musa mata. Abin da na iya cewa shi ne, a irin wannan hali ta fara da PGD da zarar ta gama bautar ƙasa, tunda dole ne sai an bi ta kansa, ta haɗa shi da aiki ko sana'a. MBA na ƙarshen mako da na karatu daga nesa suna nan a jami'o'inmu. Kuma 'yar uwa, maganar ci gaba da karatu a yi ta a fili tun ana neman aure, iyaye su shaida. Kada a bar ta sai an shiga ɗaki.

Roƙona ga ƙungiya

Shugabanninmu na ƙungiyar ɗalibai, kuna ƙoƙari a kan ruwa da wuta da kuɗin makaranta, Allah ya saka. Ga abu biyu da ba sa buƙatar zanga-zanga. Ku zauna da hukumar makaranta a samar da tsarin da kowane ɗalibin ajin ƙarshe zai ga cikakken sakamakonsa kafin ya fita, a gyara kuskure tun malaman da suka koyar suna nan. Sannan a makon ɗalibai, cikin kuɗin da ake kashewa a kiɗa da kanofi, a ware wuni ɗaya a gayyato tsofaffin ɗalibanmu da suka bi ta PGD zuwa COREN ko zuwa MBA, su gaya mana nawa suka kashe, shekara nawa ta ɗauke su, da abin da suke da-na-sani a kai.

Ni dai ga nawa tsarin, na rubuta shi a bangon littafin nan nawa. Bana, ina da shekara 22, in fita da Ofa Kiredit, don a kan 3.04 nake, ƙafata ɗaya a bakin rami. Baɗi bautar ƙasa. Daga nan shekara uku a masana'anta ko a sana'ata, in yi PGD na gudanarwa a ƙarshen mako cikin shekara ta biyu. In Allah ya kai mu ina da 27, in cike fam.

Da hutun da ya wuce na nuna wa Baba. Shi burinsa in samu aikin gwamnati in yi aure, kuma na san abin da ya sayar kafin in kawo nan. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Wannan karon da kuɗin wa?" Na ce, "Da nawa, Baba, in sha Allahu." Ya miƙo mini littafin ya ce, "To, ƙara layi ɗaya a ƙasa. Rubuta nawa za ka riƙa ajiyewa duk wata."

Na ƙara. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.

Daga wani ɗalibin HND II, Sashen Injiniyancin Lantarki